Zaɓen Berlin: wace kalma za mu ba Zweitstimme a Hausa?

1. Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da magana kan wata kalmar Jamusanci da ke wahalar da duk mai ba da labarin zaɓen Jamus da Hausa, wato Zweitstimme. An saba cewa "ƙuri'a ta biyu", kuma fassarar daidai take harafi da harafi, amma tana ɓatar da mai saurare. Kun turo shawarwari kan kalmar da za ta maye gurbinta, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon birnin Berlin a zaɓen majalisar dokoki ta Bundestag na ranar 23 ga Fabrairun 2025 ya isa ya nuna haka.

2. Bajamushe takarda ɗaya ake miƙa masa a rumfar zaɓe, an raba ta gida biyu. A hagu, da baƙin rubutu, sunayen 'yan takarar mazaɓarsa ne. Wannan ita ce Erststimme, wato "ƙuri'a ta farko". A dama, da shuɗin rubutu, jam'iyyu ne, kowace da sunayen waɗanda ke saman jerinta na jihar. Wannan ita ce Zweitstimme. Yana sa alama sau ɗaya a kowane ɓangare, a zama ɗaya, ya ninke ya jefa. Mazaɓu 299 ne a ƙasar, kujerun majalisa kuwa 630, kuma ƙuri'ar dama ce ke yanke wa kowace jam'iyya yawan kujerunta daga cikin 630 ɗin nan.

3. A ƙasa baki ɗaya jam'iyyar CDU da ƙawarta CSU suka zo kan gaba da kaso 28.5 cikin 100, AfD mai tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi ta samu 20.8, SPD 16.4, masu rajin kare muhalli 11.6, Die Linke ta masu ra'ayin gurguzu 8.8. Babban birnin kuwa sai ya juya lissafin. A Berlin Die Linke ce ta ɗaya da 19.9, CDU 18.3, 'yan kare muhalli 16.8, AfD 15.2, SPD 15.1. Kukan tsadar hayar gidaje ya taimaki Die Linke, haka ma fushin da matasa suka yi lokacin da jagoran CDU Friedrich Merz ya samar wa wani ƙudurinsa kan baƙin haure rinjaye da ƙuri'un AfD a ƙarshen Janairu. Daga mazaɓu 12 na birnin Die Linke ta ci huɗu, har da Neukölln, inda Ferat Koçak ya zama ɗan jam'iyyar na farko da ya ci mazaɓa a tsohuwar Berlin ta Yamma. CDU ta ci uku, 'yan kare muhalli uku, SPD ɗaya, AfD ɗaya.

Amma 'yan majalisa 24 Berlin ta tura, ba 12 ba. SPD mai mazaɓa ɗaya tilo ta tashi da kujeru huɗu, AfD ma huɗu, Die Linke shida. Wanda aka ce wa "ƙuri'a ta biyu" ba shi da hanyar gane inda sauran kujerun suka fito. Ɗan Nijar zai ɗauka zagaye na biyu ake nufi, irin wanda aka yi tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane a Fabrairun 2021. Ɗan Najeriya zai ɗauka zaɓin ko-ta-kwana ne, idan gwaninka ya faɗi a duba na biyunsa. Dukansu biyu za su zaci ta farkon ce babba, alhali ta daman ce ke riƙe da majalisa.

4. Shawarar da ta fi yawa a amsoshinku ita ce "ƙuri'ar jam'iyya". Hajiya, ke kika fara kawo ta, kuma hujjarki mai ƙarfi ce: gajera ce, ba ta buƙatar bayani, kuma gaskiya ne jam'iyya ake zaɓa a ɓangaren dama. Abin da ya hana ni karɓa shi ne takardar zaɓen Najeriya. Babu sunan ɗan takara a jikinta. Tsohuwa a Bichi ko Daura tsintsiya take nema, ko lema, ko kayan marmari, ta dangwala. A wurinta kowace ƙuri'a ta jam'iyya ce, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta kansila. Idan muka ce mata Jamusawa suna da "ƙuri'ar jam'iyya", za ta ce ai mu ma ita muke yi, alhali a wurinmu wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe kujerar, na biyu ya koma gida ko da tazarar goma ce.

5. Malam da ya rubuto daga Maraɗi, Allah ya ƙara sani, ya ce "ƙuri'ar rabo", domin ku a Nijar kun san tsarin: a zaɓen Disambar 2020 jam'iyyu jerin sunaye suka gabatar a kowace jiha, aka raba yawancin kujeru gwargwadon ƙuri'u. Ma'anar ta dace ƙwarai, Malam. Matsalar haɗuwar kalmomin biyu ce. Ƙuri'a a asali ita ce wadda ake jefawa a ga wanda ta faɗa wa, rabo kuma a bakinmu ya fi karkata ga abin da Allah ya ƙaddara, shi ya sa muke cewa mai rabo ka samu. In ka haɗa su, kunne zai ji kamar cacar sa'a ce, tsarin nan kuwa lissafi ne tsantsa.

"Ƙuri'ar jeri" ma an kawo. Tana faɗin abin da ke kan takarda, ba ta faɗin aikin da ƙuri'ar ke yi.

6. Ni abin da na tsaya a kai shi ne ƙuri'ar kaso. Kalmar tana bakin kowa a labarai, kaso kaza cikin ɗari, kuma da shi ake auna wannan ƙuri'a. Wanda ya taɓa shiga watanda ya san ma'anar ba sai an yi masa bayani ba: an haɗa kuɗi an yanka sa, kowa ya ɗauki nama daidai abin da ya zuba. Ta hagun kuma mu ce mata ƙuri'ar mazaɓa, tunda mazaɓa kalma ce da ta zauna.

Wani ɗan'uwa ya tuna mini gidan kaso. Na ji, amma ba na jin akwai wanda zai ji "ƙuri'ar kaso" cikin labarin zaɓe ya tafi kurkuku da tunaninsa.

7. Mu gwada ta a wurare masu wuya. Jam'iyya ba ta shiga rabon kujeru sai ta kai kaso 5 na ƙuri'ar kaso a ƙasa baki ɗaya, ko ta ci mazaɓu uku. A 2021 Die Linke ta tsaya a 4.9, amma Gregor Gysi da Gesine Lötzsch suka ci mazaɓu biyu a Berlin, Sören Pellmann ya ci ɗaya a Leipzig, ta haka ta samu kujeru 39. A 2025 jam'iyyar BSW ta Sahra Wagenknecht ta haura kaso 6 a Berlin, amma a ƙasa ta tsaya a 4.98, ba ta samu ko kujera ɗaya ba. Sannan bisa gyaran dokar zaɓe na 2023, mutum 23 a faɗin Jamus sun ci ƙuri'ar mazaɓa amma ba su shiga majalisa ba, saboda ƙuri'ar kason jam'iyyunsu a jihohinsu ba ta kai ta ɗauke su duka ba. Ku sake karanta wannan jumlar da "ta farko" da "ta biyu" ku ji yadda take rikicewa.

8. Rauni ɗaya nake gani: "kaso 5 na ƙuri'ar kaso" yana da maimaici a baki. Mai karanta labarai zai iya cewa "biyar cikin ɗari na ƙuri'ar kaso", ya wuce lafiya. Shi kansa wannan sharaɗin na biyar cikin ɗari, Jamusawa suna kiransa Sperrklausel, kuma yana jiran tasa kalmar. Ni "shingen kaso biyar" nake gani. Malam, ku da kuka yi zaɓe da irin wannan tsari, me 'yan siyasar Maraɗi da Damagaram suke ce masa?