Yaya ake shigar da umarni a kwamfuta ta hanyar kati mai huji?

Ɗalibin Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayenmu da suka yi aiki da manyan kwamfutocin da, waɗanda ke cika ɗaki guda, su bayyana mana yadda suke ba su umarni alhali babu allon kallo a gabansu.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗana. Katin IBM, wato kamfanin ƙera kwamfuta, yana da gurabe 80 a jere, kuma layi ɗaya tak na umarni kowane kati yake ɗauka. Mukan fara rubuta umarnin a takarda da FORTRAN, wani yaren ba kwamfuta umarni, sannan mu zauna gaban injin huji ƙirar 029, wanda ya fito a 1964, mu buga shi harafi bayan harafi daga gurbi na 7 zuwa na 72. Harafi ɗaya ya kuskure, katin ya tashi aiki, sai an huda sabo. Daga nan mu miƙa damin katunan ga ma'aikacin ɗakin kwamfuta, mu dawo washegari mu karɓi doguwar takardar sakamako, wadda sau da yawa ba komai a cikinta sai sanarwar cewa mun manta waƙafi.

Malama Mai Ritaya: Yallaɓai bai ambaci babban tashin hankalin ba, wato zubewar katunan. Nawa sun taɓa watsewa a kan matakala, na kwana ina jera su. Tun daga ranar nake huda lambobin jeri a gurabe na 73 zuwa 80, ina kuma jan layi a karkace da alƙalami a saman damin, domin katin da ya bar mazauninsa ya nuna kansa.