Hular da ke gane gyangyaɗin direban soja, da gaske tana aiki?

Yayan_Soja:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, na ji ana maganar wata hula da ake sa wa direbobin soja, wai tana gane barci zai ɗauke mutum tun shi kansa bai ankara ba. Abin ya tsaya min a rai ne saboda ƙanina direba ne a soja, akwai daren da suka kwana suna tafiya a jerin motoci fitila a kashe, ya ce bai san sanda idonsa ya rufe ba sai ji ya yi tayar gaba ta sauka daga kwalta. Allah ne ya tsare. Da gaske ne ko dai talla ce kawai?

Injiniya_M:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiya ne, amma fa ba tunanin mutum take karantawa ba, EEG ne, wato auna ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ta fatar kai, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1924 wani likita Bajamushe Hans Berger ya fara auna shi a jikin ɗan adam. In gyangyaɗi ya fara shigowa sai bugun lantarkin ƙwaƙwalwar ya rage sauri, irin bugun da ake kira theta, sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, ya ƙaru, kwamfuta ta gani ta buga ƙararrawa. Ka lissafa, mota na gudun kilomita 90 a awa, ido ya rufe daƙiƙa 3 kacal an ci mita 75 ba mai tuƙi.

Ummu_Hanan:
A mahaƙar ma'adinai ta Ostireliya direbobin manyan motoci sun daɗe da amfani da irinta, SmartCap. Motar yaƙi ce ke da wuya, ga girgiza ga gumi ga hular kwano, ko cije haƙori mutum ya yi sai siginar ta rikice, in ƙararrawa ta yawaita yin ƙarya kuwa wallahi cire ta za su yi.

Tsohon_Direba:
Malam ni damuwata daban ce. To na'ura ta ce ka gaji, sai me? Za a ba ka hutu a sa wani ya karɓi sitiyari, ko rubuta maka za a yi a fayil a ce kai rago ne? Wanda ya yi awa 17 ido biyu tuƙinsa kamar na wanda ya ɗan sha giya ne, an daɗe da sanin wannan, ba sai da hula ba.

Yayan_Soja:
Na gode ƙwarai. Daren nan da nake faɗa ma shi kaɗai ne direba a motar, babu mai canjinsa.