Neman shawara: an haifi ɗana da yatsu biyu a manne

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ɓoye sunana. Yarona watansa 4, haihuwar fari. An haife shi da yatsu biyu na hannun hagu a manne har kusa da farce, kamar an ɗinke su. Ɗaya hannun lafiya lau. Yanzu uwar mijina ta dage a kai shi wurin wanzamin da ya yi masa askin suna, wai aska ɗaya zai sa ya tsaga tsakani tun fatar tana ɗanya. Har gori take yi min, wai fitar magariba da na riƙa yi da ciki ce ta jawo. Mijina ya rasa ta cewa, ni kuma barci ya gagare ni. Wadda ta san yadda ake yi ta taimaka.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ko da wasa kada aska ta taɓa hannun nan. Ba ke kika jawo ba. Duk ɗan tayi hannunsa a shafe yake farawa kamar ƙafar agwagwa, sai tsakanin mako na 6 zuwa na 8 na ciki fatar da ke tsakanin yatsu ta zube su rabu. A wasu yaran aikin ba ya ƙarasawa, kusan ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 3,000, kuma wani lokacin gado ne. Ki tambaya a dangi, za ki iya jin wani kawu mai irinsa a ƙafa.

Abin da wanzami ba zai gani ba shi ne abin da ke ciki. Wani fata ce kaɗai ta haɗe, wani har ƙashi ne a haɗe ta wajen kan yatsun, sai an ɗauki hoton ƙashi ake tantancewa. Sannan jijiyoyin jini da jijiyoyin jin taɓi a gefen yatsa suke bi, daidai inda askar za ta ratsa. Ko an yi sa'a ba a yanke su ba, akwai matsalar fata: wadda ta ishi yatsu biyu a haɗe ba za ta lulluɓe su ba in an raba. Ki haɗa yatsunki biyu ki zagaye da zare, sannan ki zagaye kowanne shi kaɗai, za ki ga bambancin. Shi ya sa likitoci ke yin yankan a karkace, hagu da dama kamar haƙorin zarto, don kada tabon ya ja yatsan ya lanƙwashe, kuma sau da yawa sukan ɗebo 'yar fata daga gindin cinya su cike gurbin. In aka tsaga a miƙe aka bar ciwo a buɗe, sake mannewa yake yi, ga tabo, ga haɗarin tetanus. Wanne da wanne ne suka manne? Lokacin aikin a kan wannan ya rataya.

Baban yara uku: Ni da cindo aka haifi 'yata, zare aka ɗaure ya bushe ya faɗi. Har yau akwai ɗan ƙulli a wurin, in ta buge shi sai ta yi ƙara. Da na sani da asibiti muka je, balle naku da ya fi namu wuya.

Wata 'yar'uwa: Ni dai a ganina halittar Allah ce, a bar yaro haka. Allah ya raya.

Maman 'yan biyu: Amin, amma neman magani ai ba saɓo ba ne, Hajiya. Nawa na tsakiya da na zobe ne, wanda aka ce shi ya fi yawa. An yi masa yana da shekara ɗaya da rabi, da allurar barci. Wahalar ba a fiɗar take ba, a jinya take. Siminti aka sa masa har saman gwiwar hannu don kada ya zare shi, muka yi makonni muna kaffa-kaffa da ruwan wanka. Bayan an cire kuma sai shafa mai da murza tabon kullum. Likitan ya gargaɗe mu cewa fatar gindin yatsun takan ɗan hauro yayin da yaro ke girma, har wasu a sake gyarawa, don haka muna komawa ana dubawa. Yanzu yana aji biyu, da hannun yake riƙe fensir. In kina kusa da Kano ki je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, in Zariya ce Asibitin Shika. Ki ce likitan gyaran fata da hannu kike nema. Kuma ki tafi da surukar taki, ta ji daga bakin likita, ba daga naki ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na zobe ne da ƙaramin yatsa, kuma na lura na zoben ya fara ɗan karkata.

Ma'aikaciyar jinya: To naki ba na jira ba ne. Tsawonsu ba ɗaya ba, gajeren yana janyo dogon. Irin wannan, da na babban yatsa da manuniya, akan raba su da wuri, wajen wata 6, kafin ƙashin ya saba da karkacewa. Ki je cikin makon nan a buɗe masa kati, su duba ƙafafunsa da ƙirjinsa ma, domin wani lokacin yakan zo tare da wata lalurar.

Mai tambaya: Na nuna wa babansa, ya yi gwajin zaren a gaban Inna. Ta yi shiru, ta ce a tashe ta da asuba ranar Litinin.