Wai kitsen jini ciwon maza ne? Muhawara kan maganin Inna

Kawu: Salamu alaikum. Na ga an rubuta wa Inna atorvastatin wai na rage kitsen jini, ni dai ban gamsu ba. Wannan ai ciwon maza ne masu tumbi masu cin tsire da balangu kullum dare, tsohuwa siririya da ko nama ba ta iya taunawa ina ta samo kitse? Hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jikin nan, kar a tara mata ƙwayoyi a banza.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Kawu. Gaskiya da wata 'yar shekara 30 ce da sai in ce maganarka da ƙamshin gaskiya, don mace muddin tana al'ada sinadarin istirojin na jikin mata yana taimaka mata, kolestarol (kitsen jinin nan) mai cutarwa wato LDL yana zama ƙasa da na namiji sa'anta, mai amfanin kuma HDL yana sama. Amma da al'ada ta ɗauke abin juyawa yake, LDL ɗin ya dinga hawa har ya kamo na maza ya ma wuce, shi ya sa a ɗakin mata na asibiti za ka ga dattijuwa ramammiya sakamakonta ya fi na wani ƙaton Alhaji muni. Kuma yawancin kolestarol hanta ce ke yinsa, ba sai an ci nama ba.

Yaya: Haka ne Kawu, mu a ɗakin gwajin jini ko ma'aunin ba ɗaya ba ne, HDL ƙasa da 40 ne matsala ga namiji, mace kuwa ƙasa da 50.

Goggo: Ni fa ina bayan yayana. Iyayenmu man shanu suke kwararawa a tuwo har su kai 90 ba mu taɓa jin wani kolestarol ba.

Anti Nas: Goggo ba a gwadawa ne lokacin, wanda ya faɗi sai a ce iska ce ta buge shi.

Auta: Kawu akwai binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya a ciki, ya fito 2018. Sun kwatanta masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 da masu lafiya sa'anninsu, a cikin abubuwan da ke jawo ciwon hawan jini ne ya zo na ɗaya da wajen kashi 90 cikin ɗari, matsalar kitsen jini ta biyo da wajen kashi 36.

Kawu: To ka ji, kai da bakinka ka ce hawan jini. Me ya kawo na kitse kuma?

Anti Nas: Ai ba wanda ya ce a bar na hawan jinin, shi ne gaba da komai. Amma jijiyar da ta toshe sau ɗaya tana iya sakewa, kuma kitsen ne ke taruwa a bangonta yana ƙuntata hanya. Binciken SPARCL na 2006 da wannan atorvastatin ɗin aka yi shi, maza da mata, ya rage maimaituwar ciwon da kashi 16 cikin ɗari. Wallahi ina jin tsoron mu hana ta sha don kawai mace ce mu zo muna da na sani.

Yaya: Abu ɗaya da zan ba Kawu gaskiya, tambaya ba laifi ba ce. Ciwon nan iri biyu ne, toshewar jijiya da fashewarta, in jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa likitoci sun fi taka-tsantsan da maganin kitse. Wa ya ga sakamakon hoton kanta?

Auta: Yana wajena Yaya, toshewa aka rubuta, ba zubar jini.

Kawu: To a bar mata shi tunda haka ne, amma ranar komawa asibiti da ni za a je, ina so in ji daga bakin likitan nawa kitsen nata yake da kuma nawa ake so ya koma.

Anti Nas: Madalla Kawu. Ƙasa da 70 ake nema a LDL ɗin, kuma za su sake gwadawa cikin wata ɗaya zuwa uku. Goggo dan Allah ke da ke kwana da ita, in ta yi kukan ciwon tsoka ki faɗa min, kar a tsayar da maganin sai an sanar da likita.