Wane suna za mu ba dokin da Turawa ke kira Thoroughbred?

Jama'ar Zazzau, masu dawaki da masu sha'awarsu, a kawo ɗauki. Ina rubuta tarihin Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya shiga sukuwa 14 a Ingila daga 2010 zuwa 2012 ba a taɓa shan gabansa ba. Sunan jinsinsa ne ya tsaya mini.

Wani abokina a Samaru ya ce "dokin asali". Ban gamsu ba. Ɗan Azbin ma ai asali gare shi, kuma mai barga a cikin birni zai iya lissafo maka uwar dokinsa da kakarsa. Abin da ya raba wannan da saura rubutu ne. Tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a wani littafi a Ingila, kuma ta wajen uba duk suna tuƙewa ga ingarmu uku: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Komai gudun doki, in iyayensa ba sa cikin irin wannan littafi, ba ya cikinsu. Shi ya sa na ce ɗan kundi. Goɗiya kuma 'yar kundi.

Wani dattijo ya amsa: "Yaro, kundi ai na malamai ne. Mai ji zai zaci dokin tsibbu ake nufi." Baba, Allah ya ƙara girma, amma ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello ma kundi suke rubutawa kafin a ba su digiri, ga kuma kundin tsarin mulki. Kalmar ta daɗe da fita daga gafaka.

Sai kuma sunan da za a ba zaman da doki ke yi bayan ya bar filin sukuwa. A 2013 Frankel ya fara hawan goɗiyoyi a Banstead Manor, kusa da Newmarket, a kan fam 125,000 kowace goɗiya. Kuma dole ingarman ya hau da kansa. Dashen maniyyi irin wanda ake yi wa shanu a cibiyar binciken dabbobi ta Shika haramun ne a wajensu, duƙushin da aka samu ta haka ba ya shiga kundi.

Nan dattijon ya yanke: aikin barbara ne, kuɗin kuma kuɗin barbara, ba sai an yi ƙirƙira ba. Dokin kansa kuwa na fi son ingarman iri, ya fi daɗin faɗa a rediyo gaban yara. Wanda ke da abin da ya fi ɗan kundi ya kawo kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.