Takin juji da tsofaffin batura: me zan zuba wa fadamata don kada guba ta hau shinkafa?

Sani Tibiri:
Assalamu alaikum. Ina da ƴar fadama a bakin Gulbin Maradi inda nake noma shinkafa da damina, kuma shekara da shekaru takin juji nake ɗaukowa daga cikin gari a amalanke. Bana da na zo baza shi, sai na ga fasassun batura da ƙonannun wayoyi sun yi yawa a ciki, hankalina kuwa ya tashi, domin ban manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400. Shin akwai abin da ake haɗa wa ƙasa domin kada irin waɗannan ƙarafa su shiga ƙwayar shinkafa?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Akwai, amma a sani cewa babu abin da zai fitar da ƙarfe daga ƙasa ta wannan hanya. Ɗaure shi kawai ake yi domin kada saiwa ta sha. Dalma takan tsaya mafi yawa a saiwa, don haka abin da ya fi ba masana tsoro a shinkafa shi ne kadmiyom, wani ƙarfe mai guba wanda ake samu a wasu batura, kuma wanda ya haddasa ciwon ƙashi na itai-itai a yankin Toyama na Japan, inda mutane suka daɗe suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.4 a kilo ɗaya na gyararriyar shinkafa.

Kadmiyom yana narkewa ne idan ƙasa ta yi tsami, saboda haka farar ƙasa ko tokar itace suna rage shi idan aka cuɗa su da ƙasa makonni kafin dashe, har ma'aunin tsamin ƙasa (pH), wanda yake hawa idan tsami ya ragu, ya kusanci 6.5. Ni dai na fi son gawayin ɓuntun shinkafa, wanda ake turarawa ba tare da an bar shi ya zama toka ba, domin yana rage tsami, yana riƙe ƙarfen a jikinsa, kuma yana daɗewa a gona.

Hajiya Mariama:
Injiniya, ka yi bayani mai kyau, sai dai ka bar zancen ruwa, alhali shi ne rabin maganar. Idan ruwa ya kwanta a gona, musamman makonni uku kafin shinkafa ta fitar da kai da makonni uku bayan haka, kadmiyom yana raguwa ƙwarai, amma a wannan yanayin ne wata guba mai suna arsenik take narkewa ta hau shinkafa, kuma ɗanyen taki mai yawa a cikin ruwa kwance yana iya ƙara mata hanya. Ɓuntu yana da amfani a nan ma, tunda sinadarin silikon da ke cikinsa ƙofa ɗaya suke bi da arsenik a saiwa, sai ya rage masa shiga. Haka kuma ba kowace fadama ce take da tsami ba. Wadda take da kanwa, idan aka ƙara mata toka, shinkafar za ta rasa sinadarin zinki da take buƙata, ta tsumbure. Don haka, Malam Sani, ka kai samfurin ƙasar da na shinkafar tashar INRAN, wato cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, da ke Tarna ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maradi, ka nemi a nuna maka inda ake awon ƙarafa kafin ka sayi komai.

Sani Tibiri:
Na gode, Injiniya, na gode Hajiya. Na dakatar da takin juji, zan koma kashin dabbobin gida wanda ya ruɓe sosai. Abin da ya rage mini shi ne yadda ake ɗibar samfurin: daga wuri ɗaya ne, kuma zurfin nawa?

Injiniya Rabi'u:
Ka ɗiba daga wurare goma zuwa goma sha biyar, zurfin santimita 20, ka gauraya a bokitin roba mai tsabta, ka shanya a inuwa, sannan ka ware kamar rabin kilo. Wurin da amalanke take juye takin kuwa, ka ɗebi nasa daban.