Wata biyar da haihuwa, tsakiyar cikina yana tasowa idan zan tashi daga kwance

Maman Hassana da Usaina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Na haifi 'yan biyu wata biyar ke nan, haihuwata ta uku, kuma da kaina na haihu, ba aiki aka yi min ba. Yaran lafiyarsu ƙalau, alhamdu lillahi. Cikina ne bai koma ba, har a gidan suna wata ta tambaye ni ko na sake samu ne. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsorata ni, idan ina kwance rigingine na yunƙura zan ɗauki Usaina, sai wani abu dogo ya taso a tsakiyar cikin, tun daga ƙarƙashin ƙirji har cibiya, ya yi tsini. Da na zauna sai ya ɓace. In na danna wurin sai yatsana ya lume, ba na jin tsoka ko kaɗan. Ba ya ciwo, amma in na daɗe a kan keken ɗinki kwankwasona sai ya riƙe. Surukata ta ce ƙaba ce, yayata ta ce don ban ɗaure ciki sosai ba lokacin jego. Me ke a wurin nan ne, kuma zai koma?

Hajiya Babba:

Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da arziki, Allah ya raya su. Cikin 'yan biyu ba wasa ba ne. Mu a zamaninmu daga an yi wankan jego sai a kawo zane a tamke ciki tam har arba'in. Ki samu zane mai ƙarfi ki riƙa ɗaurewa, ki kuma rage ɗaukar bokitin ruwa.

Anti Fisiyo:

Maman biyu, sannu da ƙoƙari. Ni a sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma masu jego irinki suna zuwa mana da wannan ƙorafin sosai. Ba zan yanke hukunci ban taɓa cikin da hannuna ba, amma yadda kika kwatanta ya yi daidai da rabuwar tsokar ciki, wadda a asibiti muke kira dayastasis. Bari in gaya miki yadda aka gina bangon cikin, don in kin gane shi tsoron zai ragu.

A gaba akwai dogayen tsokoki biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu, sunansu rektus. Sun taso daga ƙashin mara, suka hau har suka kama guringuntsin haƙarƙari na 5, 6 da 7 da ɗan ƙashin nan na ƙarshen ƙirji. Su ne ke lanƙwasa ki gaba idan za ki tashi zaune. Ba a manne suke da juna ba. Tsakaninsu akwai wani farin layi mai tauri, liniya alba, wanda ba tsoka ba ne, zare-zaren jijiya ne da suka sarƙe. In kin taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya, kin ga shi: farin layin nan da ke bin tsakiyar ciki, inda mahauci ke sa wuƙa jini bai cika zuba ba. Mu ma haka namu yake.

Daga kwiɓi kuma akwai wasu tsokoki shimfiɗa uku, ɗaya kan ɗaya. Ta waje ta taso daga haƙarƙari takwas na ƙasa ta gangaro a karkace zuwa mara. Ta tsakiya ta gitta ta, zarenta ya bi ɗaya karkatar. Su biyun ne ke juya ki idan kin waiga da gangar jiki ko kin karkata gefe. Ta can ciki kuwa, taransbasus, a kwance take, ta zagayo daga baya zuwa gaba, kuma ita na fi so ki riƙe a ranki. Ita ce ke tattare kayan ciki, ita ke aiki idan kin yi tari, ko atishawa, ko nishin naƙuda. Dukkan ukun idan sun iso gaba sai su zama faffaɗan tantani mai ƙarfi, su naɗe rektus, su haɗu a farin layin nan. Ma'ana duk wani ja da ake yi a bangon ciki, a wannan layin yake ƙarewa.

To, da ciki ya girma, ga sinadaran jiki na lokacin goyon ciki suna sassauta jijiyoyi, sai farin layin ya miƙe ya yi faɗi ya yi siriri, tsokokin biyu su matsa gefe su ba mahaifa wuri. Tsokar ba ta yage ba, kuma babu ƙofa a wurin. Abin da kike gani yana tsini, kayan ciki ne ke turo layin da ya saki idan kin yunƙura. Ba laifinki ba ne, kuma ba rashin ɗauri ba ne ya jawo. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan mata 300 masu haihuwar fari a Norway ya samu kashi 60 cikin 100 suna da shi mako 6 bayan haihuwa, kuma kusan ɗaya cikin uku har bayan shekara. Ke kuma biyu kika ɗauka.

Ki gwada da kanki. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Jera yatsunki a gicciye a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai da kafaɗa. Za ki ji gefen tsokokin biyu sun matso sun kama yatsun. Ƙirga nawa suka shiga, ki maimaita a kan cibiya da ƙasanta. Abin da ya wuce yatsu biyu, ko sama da santimita 2 in an auna, shi muke kira rabuwa.

Hajiya, ki yi min afuwa, zanen yana da amfaninsa: yana tallafe ciki a makonnin farko, mai jego ta ji daɗin tafiya. Amma zane ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma in aka tamke da yawa nauyin ƙasa yake komawa, kan tsokokin da ke riƙe mafitsara da mahaifa, su kuma a gajiye suke bayan haihuwa.

Maman Hassana da Usaina:

Anti Allah ya saka da alheri, wallahi hankalina ya ɗan kwanta. Na gwada bayan la'asar. Saman cibiya yatsu uku suka shiga, ƙasanta ɗaya da ɗan wani abu. Amma a kan cibiyar kanta na ji wani ɗan ƙullutu, in na danna sai ya koma ciki. Shi ma duk abu ɗaya ne?

Inna Ungozoma:

'Yar nan, wannan ƙullutun kada ki haɗa shi da wancan. Surukarki ba ta yi nisa da gaskiya ba, don ana samun biyun a jikin mace ɗaya. Cibiya ita ce inda igiyar mabiyiya ta ratsa tun kina cikin mahaifiyarki, saboda haka wurin dama can yana da rauni. Idan ƙaramar ƙofa ta buɗe a nan, kitse ko ɗan hanji ya leƙo ƙarƙashin fata, wannan ita ce ƙaba, kuma a jikin babba motsa jiki ba ya rufe ta. Ki je likita ya taɓa, in ya ga dama ya tura ki hoton ciki. Ba gaggawa ba ce matuƙar tana komawa kuma ba ciwo. Amma ki ji ni da kyau: ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri tana ciwo, ko kika fara amai, ko bayan gida da tusa suka tsaya, ko da tsakar dare ne a tafi asibiti. Kada a tsaya jiƙa magani, kada a ɗora tsabar kuɗi a ɗaure, kada a kira mai danna ciki. Hanjin da ya maƙale jininsa ke yankewa, kuma cikin sa'o'i yake lalacewa. Na ga matan da aka kawo a makare, ba na so ki zama cikinsu.

Ɗan Ƙarfe:

Iyayena ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Anti, ni ina ɗaga ƙarfe, layukan cikina huɗu kawai suka fito, abokina shida. Wane motsa jiki zai ƙaro sauran?

Anti Fisiyo:

Ƙanina, babu. Jijiyoyi ne suka gitta rektus suka raba ta gida-gida, yawanci uku a kowane gefe: ɗaya daidai cibiya, ɗaya kusa da ƙarshen ƙirji, ɗaya a tsakaninsu. Da adadinsu aka haife ka. Abin da ke hannunka kaurin tsokar da yawan kitsen da ya rufe ta.

Maman biyu, bi maganar Inna, a fara duba cibiyar. Kafin nan ga abin da ba zai cutar da ke ba. Daina tashi kai tsaye daga rigingine: mirgina gefe, sauke ƙafafu, ki tura da hannu. Kada ki yi motsa jikin kwanciya da tashi da ake nunawa a waya, ko duk wani abin da zai sa tsinin ya fito. Ki kwanta gwiwa a lanƙwashe, ki shaƙi iska, in za ki fitar sai ki ja mararki ciki a hankali, ki haɗa da matse ƙasanki yadda kike yi in kina riƙe fitsari. Riƙe daƙiƙa 10 kina numfashi yadda kika saba, ki saki, ki yi har sau 10, safe da yamma. Idan za ki ɗaga yaro ko bokiti, fara fitar da numfashi ki ja marar tukuna. Ki sha ruwa da yawa, ki ci ganye, don yunƙurin bayan gida mai tauri yana tura layin.

Game da kwankwaso, a binciken nan na Norway masu rabuwar ba su fi sauran fama da ciwon baya ba, don haka ki duba zamanki a kan keken: sa matashi a bayanki, ki riƙa miƙewa duk rabin sa'a. Yawancin komawar da ciki ke yi da kansa a mako 8 na farko ne, ke kuma kin wuce nan da yatsu uku, saboda haka in kin ga likita ki roƙe shi takardar zuwa fisiyo, wato sashen gashin ƙashi, a auna ki a tsara miki naki.